Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: Kukan masu haɗa manhaja a ma'aikatunmu

Kwanakin baya, bayan sallar isha'i, wani ƙanena na unguwa ya same ni a ƙofar gida da wata tambaya da na ɗauka da farko ta raha ce. Ya ce: "Malam, tunda harshe ka karanta, don Allah hanya nawa ake rubuta sunan Muhammadu da boko?" Na soma lissafa masa: Muhammad, Muhammadu, Muhammed, Mohammed, Mohammad, har da masu taƙaitawa su rubuta Moh'd. Sai ya yi murmushin da ya fi kuka ciwo, ya ce duk waɗannan ya riga ya tara su, har da wasu da ban ambata ba, kuma mako uku ke nan ba shi da aiki sai daidaita su ɗaya bayan ɗaya.

Wannan matashi kimiyyar kwamfuta ya karanta, kuma yana aiki a sashen kwamfuta na wata ma'aikata a nan cikin birnin Sakkwato, wadda ba zan ambaci sunanta ba. Shi da abokan aikinsa biyu sun taɓa haɗa wata 'yar ƙaramar manhaja da ke riƙe bayanan ma'aikata, da hutunsu, da ƙarin girmansu, kuma ta yi shekaru tana biyan bukata gwargwadon hali. Rana tsaka shugabannin wurin suka sayo wata babbar manhaja ta hannun ɗan kwangila, su kuwa yaran ba su san da zancen ba sai ranar da aka kira su ɗakin taro don a koya musu yadda za su kula da ita. Tun daga lokacin, duk wanda sunansa ya ɓace daga jeri, ko aka rage masa matakin albashi, ofishinsu yake nufa da faɗa. Ya taƙaita mani halin da suke ciki da Sakkwatancinsa, ya ce: "Malam, su sunka sawo, mu ka shan zagi."

Na ga ya dace in kawo wannan kuka a wannan fili, domin da yawa daga masu karanta shi su ne ke zama a kwamitocin da ke yanke irin wannan shawara a ma'aikatu da bankuna da asibitoci da jami'o'i. Abin da nake so mu duba shi ne, a tsarin aikinmu, wanda ke da ikon zaɓen manhaja ba shi ne ke zama da ita ba, wanda kuma ke zama da ita ba a tambayarsa. Muddin haka ta ci gaba, za mu yi ta kashe maƙudan kuɗi muna sayen wahala da hannunmu.

Bari in fara da ɓangaren da na fi sani. Akwai wata 'yar alama da muke sawa a sunaye irin su Sa'adu da Asma'u da Mu'azu da Ja'afar, wato alamar hamza. A wurinmu baƙi ce cikakkiya kamar sauran baƙaƙe. Amma a harshen da ake ba rumbun bayanai na kwamfuta umurni da shi, wannan alama ita ce ke nuna inda zance ya fara da inda ya ƙare. Saboda haka manhajar da ba a gina ta da lura ba, idan ta ci karo da Sa'adu, sai ta ɗauka sunan ya ƙare a "Sa", ta ɗauki sauran a matsayin umurnin da ba ta gane ba, ta tsaya cik. Wasu kamfanonin, maimakon su gyara, sai su hana shigar da alamar baki ɗaya. Haka nan baƙaƙenmu masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ. Tsarin Unicode, wanda kwamfutocin duniya ke amfani da shi wajen gane haruffa, ya tanade su tun farkon shekarun 1990, amma har yau za ka ga takardar hukuma ta fito da alamar tambaya ko ɗan akwati a inda ya kamata a ga Ɗ ta Ɗahiru ko ɗ ta Boɗinga. Duk mai jin Hausa ya san tazarar da ke tsakanin baki da baƙi, ko kafa da ƙafa.

Sai kuma gurbin nan da ke neman "sunan iyali", wanda ba a wuce shi sai an cike. Bature yana da sunan da ake gadonsa daga kaka zuwa jika. Mu ba haka al'adarmu take ba. Dubi sunayen manyanmu na wannan jiha: Shehu Shagari, Attahiru Bafarawa, Aliyu Magatakarda Wamakko, Aminu Waziri Tambuwal. Sunayen ƙarshen nan duk na garuruwa ne, Magatakarda da Waziri kuma sarautu ne. A gida ɗaya, wa ya ɗauki sunan uba, ƙane ya ɗauki na gari, ƙanwarsu kuma da ta yi aure wani magatakarda ya liƙa mata sunan miji. Mutum ɗaya yakan kasance Abubakar a takardar firamare, Garba a wurin aiki, Buba a banki. Kafin zuwan lambar BVN a 2014, da kuma lambar NIN da hukumar JAMB ta wajabta wa masu neman shiga jami'a a 2021, akawu yakan dubi fuskar mutum ya san shi ne. Kwamfuta ba ta san fuska ba, harafi take kwatantawa da harafi. Da zarar harafi ɗaya ya saɓa, albashi ya tsaya, kuma wanda za a tasa gaba shi ne yaron nan na sashen kwamfuta, alhali ba shi ya tsara gurbin ba, ba shi da kuma ikon sauya shi.

A nan ya kamata mai karatu ya san irin kayan da ake magana a kai. Akwai wasu manyan manhajoji da aka yi don gudanar da ma'aikata baki ɗaya, waɗanda ke haɗa albashi da lissafin kuɗi da sito da sayen kaya da bayanan ma'aikata a rumbu ɗaya. Fitattun masu yin su sun haɗa da kamfanin SAP na Jamus, wanda aka kafa a 1972, da Oracle na Amurka, wanda aka kafa a 1977, da kuma Microsoft. Kayansu ba na banza ba ne, manyan kamfanonin duniya da su suke aiki. Sai dai kowace irin wannan manhaja takan zo da nata ra'ayin game da yadda ya kamata a yi aiki: wa zai sa hannu kafin wa, mene ne ma'aikaci, yaushe wata yake ƙarewa. Wanda ya saye ta yana da zaɓi biyu. Ko dai ya sauya tsarin aikinsa ya bi nata, ko kuma ya biya a lanƙwasa ta ta bi nasa. Dukkan biyun suna da tsada, kuma mai talla ba ya cika faɗar haka a ranar da yake nuna wa shugabanni kyawawan hotuna a ɗakin taro na wani otal a Abuja.

Abin da mai haɗa manhaja na cikin gida ke tararwa bayan an watse daga taron ya sha bamban. Ba a ba shi asalin rubutun manhajar ba, don haka yana ganin kuskure ƙuru-ƙuru, ya san gyaran ba zai ɗauke shi yini guda ba, amma dole ya rubuta koke zuwa ga ɗan kwangila a Legas, ya jira mako biyu, a ƙarshe a aiko masa da takardar kuɗi. Idan ya yi dabara ya liƙa wani gyara daga waje, ranar da kamfani ya sabunta manhajar sai gyaran ya rushe, ya koma farko. Bayanan ma'aikatar da kanta suna kulle cikin tsarin da fitar da su sai da izinin mai kaya. Kuɗin lasisi kuma duk shekara ake biya, galibi da lissafin dala. Wanda ya sa hannu lokacin da dala take ƙasa da Naira 500 a farashin hukuma, kafin a saki darajar Naira a watan Yunin 2023, ya wayi gari a 2024 dala ta haura Naira 1,500, kasafin kuɗinsa kuwa bai motsa ba. Ga shi an gina kayan bisa zaton wutar lantarki da intanet ba sa yankewa, a garin da zafin watan Afrilu kan wuce digiri 40, inda ɗakin na'urori ba ya rayuwa sai da janareto da na'urar sanyaya ɗaki. Ƙarshenta, a ofisoshi da yawa aikin gaskiya a Excel ake yin sa a ɓoye, sannan a kwafe sakamakon a zuba cikin babbar manhajar don oga ya ga ana amfani da abin da ya sayo. Aiki ɗaya ya zama biyu ke nan.

Kada a ɗauka wannan ƙorafin yara ne kawai. Ƙasar nan ta ga misalinsa a fili, kuma duk gidan da ke da ɗalibi a jami'a ya ɗanɗana. Ina nufin rikicin IPPIS, tsarin biyan albashi na bai-ɗaya da Gwamnatin Tarayya ta soma gwadawa a 2007 da tallafin Bankin Duniya, wanda daga baya aka ɗora shi kan manhajar Oracle. Ya kamata in faɗa tun yanzu cewa ni malamin jami'a ne, don mai karatu ya auna maganata da wannan a zuciyarsa. Manufar tsarin mai kyau ce. Ma'aikatan bogi sun daɗe suna cinye dukiyar jama'a, kuma gwamnati ta sha bayyana cewa ta kakkaɓe dubbansu ta wannan hanya. Babu mai hankalin da zai yi faɗa da haka.

Matsalar ta taso ne a watan Oktoban 2019, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya ba da umurnin cewa duk mai cin albashin tarayya ya shiga tsarin. An gina IPPIS ne da siffar ma'aikacin sakatariya: mutum ɗaya, ofis ɗaya, albashi ɗaya, ritaya a shekara 60 ko bayan shekara 35 na aiki. Jami'a kuwa tana da farfesan da doka ta ba shi damar kaiwa shekara 70. Tana da malamin da ke tafiya wata jami'a ya yi shekara guda yana koyarwa da bincike, da malamin ziyara da ke taimaka wa sabon sashe a wata jami'ar, da mai duba jarrabawa daga waje, da ƙwararren da aka ɗauko daga wata ƙasa bisa yarjejeniya. A idon manhajar, malamin da sunansa ya fito a wuri biyu ɓarawo ne. A idon jami'a kuwa, da irinsa ake raya ƙananan jami'o'in da ba su da isassun manyan malamai, kuma a Arewa muna da irin waɗannan da yawa. Ƙungiyar ASUU ta ƙara da hujjar cewa dokar 2003 ta ba majalisun gudanarwa na jami'o'i ikon kula da ma'aikatansu, ba wani ofis a Abuja ba.

Abin da ya fi jan hankalina a wannan rikici shi ne yadda masana kwamfuta na cikin jami'o'in suka zauna suka haɗa tasu manhajar, mai suna UTAS, suka ce ga wadda ta san yanayin aikinmu. Ƙungiyoyin ma'aikatan da ba malamai ba, wato SSANU da NASU, waɗanda da farko suka amince suka shiga IPPIS, su ma daga baya suka koka da yadda ake yanke musu albashi, suka fito da tasu mai suna U3PS. Wanda ya ƙi shiga da wanda ya shiga ya gani da idonsa, duk sun haɗu a kan magana ɗaya. A watan Maris na 2022 hukumar NITDA ta ce UTAS ba ta tsallake wasu gwaje-gwajen da aka yi mata ba, ASUU ta musanta, aka yi ta jayayya a kafafen watsa labarai. A tsakanin haka ɗalibai sun zauna a gida wata tara a 2020, sannan wata takwas a 2022, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Gaskiya ne IPPIS ba shi kaɗai ne dalilin yajin aikin ba, akwai yarjejeniyar 2009 da batun kuɗin farfaɗo da jami'o'i, kuma annobar korona ta rufe makarantu a wani ɓangare na 2020. Amma yana cikin manyan ƙulle-ƙullen da suka hana sulhu.

Yaya aka ƙare? A watan Disambar 2023 Majalisar Zartarwa ta Tarayya, ƙarƙashin Shugaba Bola Tinubu, ta amince a cire jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha da kwalejojin ilimi daga IPPIS. Ministan ilimi na lokacin, Farfesa Tahir Mamman, ya bayyana cewa bai dace shugabannin jami'o'i su riƙa barin aikinsu suna zaryar Abuja don a shigar da sunan ma'aikaci ba. Wannan ita ce maganar da mutanen cikin gida suka yi ta faɗa tun 2019. Sai da aka yi asarar shekara huɗu kafin a ji ta. Kuma ko da aka fita, ba UTAS aka koma ba. A ƙarshen 2024 an mayar da biyan albashin kan GIFMIS, wani tsarin na Gwamnatin Tarayya. Wahalar da masu haɗa UTAS da U3PS suka sha ta tafi a haka, ba a ɗauki kayansu ba, ba a kuma ce ga abin da za a koya daga gare su ba.

Ba ina cewa duk abin da aka haɗa a gida ya fi na waje ba ne. Na ga manhajar gida da mutum ɗaya ne kaɗai ya san cikinta, ranar da ya sami aiki a wani wuri ya tafi da sirrinta a kansa, ma'aikata ta koma takarda da biro. Na ga wadda ba ta da tsaro, kowa na iya shiga ya sauya lamba ba tare da barin sawu ba. Shugaban da ke tsoron irin wannan yana da hujja, haka ma wanda ke zargin cewa wasu na ƙin sabon tsari ne don zai toshe musu kafar sata. Gwajin da NITDA ta yi wa UTAS abu ne da ya dace a yi. Tambayar da ta rage ita ce: me ya sa ba a saba yi wa kayan da shugabanni suka zaɓo irin wannan binciken ƙwaƙwaf kafin a ɗora wa jama'a? Idan ma'auni ɗaya ne, to a auna kowa da shi.

Don kada a ce wannan ciwo namu ne mu kaɗai, mu leƙa waje. A 2016 gwamnatin Kanada ta ƙaddamar da tsarin albashi mai suna Phoenix, wanda kamfanin IBM ya gina mata kan wata manhajar Oracle. Dubun dubatar ma'aikata suka shiga uku: wasu an biya su ƙasa da haƙƙinsu, wasu fiye, wasu ko sisi. Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na ƙasar a 2018 ya nuna cewa manyan jami'an da ke kula da aikin sun yanke wasu sassan manhajar, sun kuma soke gwajin da aka shirya yi a ma'aikata ɗaya kafin a game ƙasa, duk don kada a wuce kasafi da wa'adi, alhali an gargaɗe su. Gyaran ya ci biliyoyin dalolin Kanada. A Ingila kuwa, hukumar gidan waya ta gurfanar da ɗaruruwan masu kula da ƙananan rassanta tsakanin 1999 da 2015 bisa zargin sata, wasu har gidan yari, saboda giɓin kuɗin da manhajar Horizon ta kamfanin Fujitsu ke nunawa. Daga baya kotu ta tabbatar cewa manhajar tana da kurakurai. Shugabanni sun gaskata na'urar da suka sayo, suka ƙaryata mutanen da ke aiki da ita kullum. Idan haka ta faru a ƙasashen da wuta ba ta ɗaukewa, ina ga mu?

To, me ke sa shugabanni masu ilimi da ƙwarewa su riƙa faɗawa wannan rami? Ina ganin dalilai uku. Na farko tsoro ne: wanda ya sayo kayan babban kamfani, in abu ya lalace, zai ce ai na duniya na sayo, wanda ya dogara da yaran ofishinsa kuwa, laifin a kansa zai tsaya. Na biyu, tsarin kwangilarmu, har da Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007, ya fi sabawa da abin da ake ƙirgawa a karɓa, kamar motoci da kujeru. Manhaja kuwa ranar da aka karɓe ta ne ake fara biyan kuɗinta na gaskiya, kuma kula da ita ba ya zuwa da bikin yanke ƙyalle. Ba zan shiga zancen kason da ake raɗe-raɗin ana samu a bayan fage ba, tunda mai karatu ya fi ni jin labarinsa. Na uku, kuma wanda ya fi damuna, shi ne al'adarmu ta ofis. Yaron da ke mataki na 8 ba ya buɗe baki a gaban darakta. In ya buɗe, an ce ba shi da ladabi. Ladabi abu ne mai kyau, da shi aka rene mu. Amma a wannan fanni, sau da yawa mafi ƙanƙanta a ɗakin shi ne mafi sani, kuma shirunsa na iya jawo wa ma'aikata asarar miliyoyi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

A fanninmu na kimiyyar harshe mun koyi wannan darasi tun da daɗewa. Turawan farko da suka rubuta nahawun Hausa, irin su Schön a 1862, sun zo da ma'aunin harsunansu, saboda haka karin sauti, wanda shi ke raba ma'anar kalmomi da dama, ya wuce su ba su kama shi ba. Sai da aka sami masu haƙurin zama da masu harshen suna saurare, kamar Bargery da ya fitar da ƙamusunsa a 1934, kafin a rubuta Hausa yadda take. Kowace ma'aikata ma tana da nata nahawun: ƙa'idojin da ke rubuce, da waɗanda ba a rubuta ba amma kowane tsohon akawu ya san su. Mai haɗa manhaja na cikin gida tafinta ne tsakanin wannan nahawu da na kwamfuta. Wanda ya ƙulla yarjejeniya da baƙo ba tare da tafintansa ba, bai kamata ya zargi tafintan ba idan magana ta rikice.

Akwai kuma asarar da ba ta fitowa a littafin akanta. Matashin da ya yi shekara huɗu yana koyon gina manhaja, aka mayar da shi mai sauya wa mutane kalmar sirri da daidaita rubutun Muhammadu, ba zai daɗe ba. Masu hazaƙar cikinsu suna tafiya Abuja da Legas, wasu kuma suna zaune a ɗakunansu a Mabera ko Arkilla suna yi wa kamfanonin ƙetare aiki ta intanet. Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT a 2023 da burin horar da mutum miliyan uku a fannonin fasahar zamani, kuma abin a yaba ne. Amma idan ma'aikatun da za su ɗauke su ba su yarda da hankalinsu ba, to wasu muke horar wa. Akwai ma umurnin Shugaban Ƙasa mai lamba 003 na 2017 da mai lamba 5 na 2018, waɗanda suka ce a fifita kayan gida da ƙwararrun gida a kwangilolin gwamnati. Takardun suna nan, aiki da su ne ya yi ƙaranci.

Shawarata ga shugabannin ma'aikatu, musamman na jihohinmu da ke rige-rigen mayar da ayyukansu kan kwamfuta, ba mai tsada ba ce. Kafin a kira ɗan kwangila, a sa mutanen sashen kwamfuta da na albashi da na rajista su zauna su rubuta yadda aikin yake gudana a zahiri, wannan takarda ita za ta zama ma'aunin duk wani mai talla. A ba su kujera a kwamitin zaɓe, kuma duk wanda bai yarda ba a rubuta dalilinsa a cikin bayanan taro, don gobe a san wanda ya yi gargaɗi da wanda ya ƙi ji. Kada a yarda da hotunan talla. A ba kamfani ainihin jerin sunayenmu, da Sa'adu da Ɗahiru da Asma'u a ciki, a ɗauke wuta, a yanke intanet, a ga abin da kayansa za su yi. A fara da sashe ɗaya na wata uku, tsohon tsari na tafiya a gefe, kafin a game ma'aikata. A rubuta a cikin yarjejeniya cewa bayanai na ma'aikata ne, za ta iya kwashe su duk ranar da ta so, kuma a lissafa kuɗin shekara biyar, ba na ranar saye kaɗai ba. Idan kuma an zaɓi a gina a gida, to a ɗora wa 'yan gida sharuɗɗa masu tsauri: a rubuta bayanin komai, kada sirri ya tsaya a kan mutum ɗaya, kuma a kawo wani daga waje ya gwada tsaron. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Su ma matasan akwai nasu gyaran. Ƙorafi a majalisar shayi ba ya sauya shawarar kwamiti. Shugaba ba ya jin yaren kwamfuta, amma yana jin na kuɗi da na lokaci. A rubuta masa a shafi ɗaya: wannan matsala ta tsayar da albashin mutum kaza, ta ci awa kaza na aiki, gyaranta zai ci kaza. A rubuta cikin ladabi, a ajiye kwafi. Wannan ita ce shawarar da na ba ƙanen nan nawa a daren, bayan mun gama lissafin sunayen. Ya ce zai gwada, ko da yake bai tabbata takardar za ta wuce teburin sakatare ba. Na ce masa ya rubuta duk da haka, domin ranar da za a zo neman wanda za a ɗora wa laifi, ita ce za ta tsaya masa.

Ga shugabanni kuma, wannan ba kira ne na a sauke kowa daga kujerarsa ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ikon sa hannu naku ne, babu mai jayayya. Abin da ake roƙo shi ne, kafin alƙalami ya taɓa takarda, a aika a kira yaran nan daga ɗakin na'urori, a tambaye su abin da suka gani, a kuma saurara har su kai aya. Allah Ya ba shugabanninmu ikon jin shawara, mu kuma Ya ba mu ikon faɗar gaskiya cikin ladabi, amin.

Marubucin malami ne a fannin kimiyyar harshe, ya rubuto daga Sakkwato.